Tsiron Dawa da Yis ɗin Beljiyam

Danau Kota,
Kuala Lumpur, Maleshiya.
11 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga Gwaggona Hureira,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ladabi, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk mutanen gida. Yaya ciwon gwiwar nan? An ce min tun da kaka ta shigo ya ɗan lafa. Allah Ya sa tafiyarsa ke nan, Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana mai albarka. Mu ma nan jikinmu lafiya lau, sai godiyar Allah. Damina ce a wajenmu yanzu, kullum da la'asar sai an tsuge da ruwa, wanki ya kwana biyu a igiya bai bushe ba. Abban Hanan yana gaishe ki da kyau, ya kusa gama rubutun nasa karatun. Takwararki Hanan kuwa ta shiga shekara shida, haƙoranta biyu na gaba sun zube, ba ta ko jin kunyar wangale baki. Hausarta ce dai har yanzu sai a hankali. In na ce ta zo ta ci abinci, sai ta ce min ai ta yi makan a makaranta, wato ta riga ta ci.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a zamanin da ga waya a hannun kowa. Wayarki a buɗe kike sa ta, duk wanda ke tsakar gida yana jin abin da ake cewa, ni kuwa maganar da ke bakina ba ta tsakar gida ba ce. Shi ya sa da na ji Najib, wani yaron kirki ɗan Funtuwa da ya gama digirinsa a nan, zai taso jibi, na roƙe shi ya kawo miki hannu da hannu. Don Allah ki shiga ɗaki ki karanta ke kaɗai.

Gwaggo, shekara uku ke nan duk wanda ya tambaye ni me nake karantawa sai in ce bincike nake yi a kan dawa. Haka na gaya wa Baba, haka na gaya miki. Ba ƙarya na yi ba, amma abin da na ɓoye ya fi abin da na faɗa yawa. A ƙasar Beljiyam akwai wata irin giya mai tsami da suke yi. Ba da yis irin na burodi suke yin ta ba, wani yis ne na daban da ke zaune a cikin tsofaffin gangunansu na katako, ya yi wata da watanni yana aiki a hankali. Malamar da ke duba aikina, Farfesa Zaiton, 'yar ƙasar nan ce, Musulma mai hijabi da kamun kai. Burinta a samo abin sha mai irin wannan tsamin da ƙamshin, amma babu barasa a ciki, wanda Musulmi zai sha hankalinsa kwance. Ta zaɓi dawa maimakon hatsin Turawa, ta ce in abin ya yiwu manomanmu ma za su samu kasuwa. Da ta ga daga ƙasar dawa na fito, sai ta ɗora min aikin. Sai dai kafin a kai ga haka dole a bar yis ɗin ya fara aikinsa, sannan a gano daidai inda za a tsayar da shi. Ma'ana, in ban tsayar da shi a kan kari ba, abin da ke cikin kwalbar giya ce. Kuma sau da yawa ban iya tsayar da shi ba.

Tun farko hankalina bai kwanta ba. Ni da Abban Hanan muka je wajen limamin masallacin unguwarmu, na zayyana masa komai. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce tunda neman hanyar kauce wa barasar nake yi, ba sha nake ba, ba sayarwa nake ba, kuma duk wadda ta juye zubar da ita ake yi, shi bai ga laifina ba, amma in kiyaye. Na kiyaye iyakar iyawata. Wallahi ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba. Na'ura ce ke auna min yawan barasar, ɗanɗano kuma abokiyar aikina Siew Fong ce ke yi, wata Basiniya da muke ɗakin gwaji ɗaya, ba Musulma ba ce. Ita za ta kurɓa ta gaya min, ni in rubuta.

Ranar da yis ɗin ya iso daga Beljiyam, cikin akwatin ƙanƙara ya zo, a wata 'yar kwalba da ba ta fi tsawon ɗan yatsana ba. Na jiƙa dawa, ta tsira, na shanya, na niƙa, na dafa, na tace, na zuba shi a ciki na rufe. Bayan wata uku sai wata farar yana ta rufe saman ruwan, da 'yan kumfa-kumfa a jikinta. Da na buɗe, wari ya bugo ni kamar an shiga garken dawaki bayan an ɗauke ruwa. Siew Fong har da tafi, wai ai wannan warin shi ake nema. Ni kuwa tsayawa na yi riƙe da murfin, don a ƙarƙashin warin dawakin akwai wani warin da na sani. Na ajiye kwalbar na shiga banɗaki na yi kuka mai isata.

Kin san inda na san shi. Ina 'yar shekara tara Baba ya kai mu ƙauye gaida Kaka. A bayan rumbu akwai wata bukka da manyan tukwane uku a kife a ciki. A lokacin Kaka ta daɗe da musulunta, ta daɗe da barin sana'ar, amma tukwanen ba su saki warin ba. Na tura kai ina leƙe, sai ji na yi an fincike ni ta baya. Baba bai taɓa ɗaga min hannu ba sai ranar, kuma bai gaya min laifina ba. Ban gane ba sai ranar da kike sa min lallen aure, da muka rage mu biyu a ɗaki, kika ba ni labari. Kika ce bayan rasuwar mahaifinku da burukutu Kaka ta ciyar da ku, ke kina tsoma dawa kina hura wuta, Baba yana ɗebo ruwa. Kika ce a makarantar kwana ɗan mai burukutu ake kiran Baba, kuma gidan da ya fara neman aure saboda haka suka mayar masa da kayansa. Kika ce tun daga nan ya hana a ambaci maganar a gabansa. Na riƙe wannan a raina, ko Abban Hanan ban gaya wa ba. To da wane baki zan ce wa Baba 'yarsa tana can wata uwa duniya tana jiƙa dawa tana jiran ta yi tsami? Na yi ta cewa bari in gama, in ya so in kawo masa takardar digirin da abin sha mai tsarki a hannu, sannan in yi bayani. Allah bai nufa haka ba.

Dawar a kasuwar Chow Kit nake saye, wajen wani ɗan Sudan mai kayan abincin Afirka. Da yake wurin shanya ya yi mana kaɗan a makaranta, sai na riƙa baza tsiron a barandarmu. Akwai maƙwabciyata Bashira, 'yar Kano ce, mijinta ma karatu yake, suna hawa na goma sha biyu mu muna na goma sha huɗu. Duk garin nan ba ni da kamarta. Lokacin da zazzaɓin sauro irin na nan ya kwantar da ni asibiti kwana takwas, ita ta riƙe min Hanan, har kitso ta yi mata. Wata rana ta shigo ta ga tsiron dawa a faifai, ta tambaye ni na mene ne. Na ce na kunun zaƙi ne. Ta yi dariya ta ce in na dama in aiko mata. Na ma dama ɗin na aika mata washegari, don maganar ta zauna.

Sati uku da suka wuce aka sanar da mu za a gyara wayoyin wutar ginin da ɗakin gwajinmu yake, firij zai kwana uku a kashe. Ina da kwalabe shida da suka yi wata bakwai ina renon su, su ne ƙashin bayan babi na ƙarshe. Na ji tsoron in bar su su lalace, sai na sa su a jaka na hau bas da su na kawo gida. Firij ɗinmu ƙarami ne, ga shi cike da nama, don ranar Asabar ɗin layi ya zo kaina na karɓar taron matanmu na wata-wata, inda muke karanta hadisi mu ci abinci. Na ce bari in ajiye su a ɗan sito na bayan kicin zuwa yamma. Ni da na yi shekara uku ina karantar halin wannan yis ɗin, na manta cewa in ya ji zafi iska yake tarawa.

Mu goma sha ɗaya ne a falo. Na yi waina da miyar taushe, Abban Hanan ya yo mana tapau ɗin kaji daga shagon abincin Indiyawa Musulmi na ƙasan bene, wato ya sayo an ƙunshe masa, ya ajiye ya fita ya ba mu wuri. Mun idar da azahar ke nan a kan kafet, an fara zuba abinci, sai muka ji ƙara kamar tayar mota ta fashe. Kafin mu miƙe ta biyu ta biyo baya. Bashira ta ɗauka tukunyar gas ce, ta riga kowa rugawa kicin ba takalmi don ta kashe, ta taka fasasshiyar kwalba. Ruwan ya malalo ta ƙarƙashin ƙofar sito, da kumfarsa, har bakin kafet ɗin da muka yi salla. Warin ya cika gidan. Gwaggo, ba a buƙatar a gaya wa Bahaushiya warin mene ne wannan. Ana cikin haka Hanan ta leƙo ta bayana ta ce da Turanci, da ƙarfinta, ai giyar Mama ce ta fashe, kuma Anti Siew Fong ta ce ta Mama ta fi ta kowa daɗi. Ta taɓa bina makaranta ranar da ba su da karatu, ashe ta ji ta riƙe.

Na buɗe baki in yi bayani, maganar ta ƙi haɗuwa. Ɗaya bayan ɗaya suka ɗauki jakunkunansu da 'ya'yansu, wainar tana nan a faranti ba wanda ya taɓa. Ni na ɗaure wa Bashira ƙafa da ɗankwalina na kai ta asibiti, aka yi mata ɗinki huɗu a tafin ƙafa. A tasi muka je muka dawo. Sai da muka shiga lif za ta sauka a hawansu, ta juyo ta dube ni ta ce, "Kunun zaƙi, Walida?" Ƙofar ta rufe.

Kafin magariba hoton fasassun kwalaben ya shiga zauren wayar matan Arewa na garin nan, ban san wadda ta ɗauka ba. Kafin Litinin labarin ya zama wai ina dafa giya a gida ina sayar wa 'yan Kudu masu karatu a unguwar Sentul. Abban Hanan yana koya wa yaran 'yan uwanmu karatun Alƙur'ani duk Lahadi da safe, su goma sha takwas. Lahadin da ta biyo baya uku suka zo, jiya kuma biyar. Bai yi min faɗa ba, da ma ya san aikina tun farko. Ya naɗe kafet ɗin ya sauka da shi bola, ya wanke siton da kansa har sau uku, sauran kwalabe huɗun ya raka ni muka mayar makaranta. Bayan Juma'a ya tsayar da mazan ya yi musu bayani. Waɗanda suka karanci kimiyya sun gane, wani ma ya ce shi a nasa ɗakin gwajin kullum da barasa yake wanke kayan aiki. Wasu kuma suka ce su dai abin da matansu suka shaƙa suka sani. Abin da kawai Abban Hanan ya ce min shi ne, da tun farko na faɗa wa mutane da bakina, da yau ba wanda zai faɗa musu a madadina.

Na sauka wajen Bashira da farfesun kifi da takarduna, na nuna mata komai, har da abin da liman ya ce. Ta saurara ƙafarta a kan matashi. Ta ce ita ba ta ce ina sha ba, kuma ba ita ta yaɗa ba, na kuma yarda da ita. Ta ce ba kwalbar ce ta fi yi mata ciwo ba. Abin da ke ranta shi ne ta riƙe min 'ya kwana takwas, ni kuwa na dubi idonta na yi mata ƙarya, har na dama kunu na aika mata don in rufe ƙaryar. Ta karɓi farfesun ta yi godiya, amma har yau ba ta hawo ba.

Ranar Talatar da ta wuce na shiga ofishin Farfesa Zaiton na ce mata na ajiye aikin. Ta sa na zauna, ta zuba min shayi. Ta tuna min wata biyar suka rage min, hukumar da ta turo ni karatu ba ta ƙara wa kowa lokaci, sabon bincike kuwa wata shekara ukun ce. Sannan ta buɗe sakamakon awon kwalabe huɗun da suka tsira, duk barasarsu ta haura iyakar da muke nema. Tsamin ya yi, ƙamshin ya yi, amma yis ɗin ya ƙi tsayawa inda aka ce ya tsaya. Ta ce ta daɗe tana mamaki, mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna sarrafa dawa, a ce ba su da wata dabara tasu. Can sai na ji bakina yana ba ta labarin Kaka, abin da ban taɓa furta wa kowa ba. Da na gama sai ta ce to me ya sa nake ta tambayar Beljiyam alhali ina da wadda zan tambaya a gida. Da na koma na gaya wa Abban Hanan shi ma.

Shi ya sa nake tambayarki, kuma ina jin nauyin tambayar. A ranar lallen kin ce akwai wani ruwa mai tsami da zaƙi-zaƙi da Kaka ke ɗiba ta keɓe, kafin ta zuba ragowar tsohuwar giya a cikin sabuwa. Kin ce shi take ba ku ku yara, da Musulmin da suka biyo ta hanya suka nemi abin jiƙa maƙoshi, ba ya bugarwa, kuma yakan kwana huɗu ko biyar a randa bai juye ba. Yaya take yi bai juye ba? Kwana nawa take barin dawar a ruwa, kwana nawa tsiron, kwana nawa take barin ƙullun ya yi tsami? Tafasa ta biyu, daga hantsi zuwa yaushe? Tana sa wani ganye, ko ɓawon itace, ko toka, ko kanwa? Randar tana turara ta? Duk abin da kika tuna, ko kina ganin ba shi da amfani, ki faɗa min. In kuma kin ga na taɓo abin da kika binne ba kya son tonowa, ki yafe min, ki bar wannan sashen ba amsa. Ba zan sake tambaya ba, kuma ba zan ji haushi ba.

Babbar buƙatata dai ita ce ta Baba. A cikin matan da ke falona ranar akwai wadda yayanta ke da shago a layin su Baba a kasuwar Funtuwa, masallaci ɗaya suke salla. Duk sanda wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Abinci ba ya shiga, na rame har Hanan tana tambaya ko zazzaɓin ne ya dawo. Ba faɗansa nake tsoro ba, da ma faɗan zai yi da na ji sauƙi. Kin san shi, shiru zai yi ya shige ɗaki, ga hawan jini. Zai ga abin da ya yi shekara hamsin yana guje wa ya biyo shi ta kan 'yar da yake tsayar da mutane a hanya yana gaya musu za ta zama dokta. Ba na son ya ji wannan daga bakin ɗan kasuwa.

Na yanke zan kira shi da kaina ranar Juma'a, ashirin da biyu ga wata, da ƙarfe tara na safenku, mu a nan la'asar ta yi. Ina roƙon ki don Allah ki je gidan tun da wuri kamar kin zo gaisuwa. Ki tabbata ya karya, ya sha maganinsa, ki sallami yara daga ɗakin, ki zauna kusa da shi. Zan gaya masa komai kamar yadda na gaya miki. In ya ce in bari, zan bari, in tattara in dawo gida ba digirin. Na faɗa wa Abban Hanan haka, ya ce to. Abu ɗaya ne ban yanke ba, ko in ambaci Kaka. Ina son in gaya masa ni ban ji kunyarta ba, mace ce da ta ciyar da marayu biyu da abin da ta iya. Amma ni murya kawai zan ji, ke ce za ki ga fuskarsa. In kin ga ba zai iya ɗauka ba, ki karɓi wayar ki ce in ba ki takwararki ku gaisa. Zan gane, in tsaya a nan.

In kuwa labarin ya riga ni isa, kada ki jira Juma'a. Ki kira ni ko wane lokaci ne.

Ki gaida min Kawu Hadi da iyalinsa, ki yi masa barka da aurar da Ruƙayyatu, Allah Ya ba su zaman lafiya. Ki gaida Abdallah, ki ce na ji ya samu shiga jami'a, ya dage. Ki gaida Inna Bintu, amma kada ki nuna mata komai tukuna, ba ta iya ɓoye damuwa a gaban Baba. Najib zai ba ki man zafi na gwiwa kwalba biyu da mayafi ruwan toka, Hanan ce ta zaɓa. Ki sa ni a addu'a, Gwaggo, ki yawaita. Allah Ya sada mu da alheri.

'Yarki,
Walida Kalilu.